GoTaq Green Master Mix: Abin da Na Gani Bayan Shekara Biyu Ina Haɗa PCR da Shi

Kusan shekara biyu ke nan da ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a cikinsa ya daina auna sinadaran PCR, wato dabarar ninka DNA a cikin bututu, ɗaya bayan ɗaya, ya koma amfani da haɗaɗɗen ruwan nan mai launin kore da kamfanin Promega yake sayarwa da sunan GoTaq Green Master Mix. A tsakanin nan na ƙarar da kwalabe da dama da hannuna, na kuma ga ɗalibai masu binciken digiri na biyu sun ƙarar da wasu a gabana, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da ruwan ya tsinana mana da kuma inda iyakarsa take. Yawancin aikinmu iri biyu ne: ninka wani yanki na ƙwayar gadon 16S ta bakteriya domin a gano jinsin ƙwayoyin cutar da aka ware daga samfuri, da kuma neman DNA ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin da aka busar a kan takarda. A kan waɗannan ayyuka biyu hukuncina ya tsaya.

Ba za a fahimci darajar abin da ke cikin kwalbar ba sai an tuna yadda aikin yake tafiya. A PCR ana ɗaukar ɗan gutsuren DNA wanda ya yi ƙanƙanta ƙwarai a ninka shi har ya yi yawan da za a iya gani a jel, wato daskararren faranti na agaros da ake raba gutsuren DNA a cikinsa gwargwadon tsawonsu da wutar lantarki, ta hanyar maimaita matakai uku na zafi: a ɗaga zafi igiyoyin DNA biyu su rabu, a sauke shi firaimomi biyu, wato gajerun guntayen DNA, su manne a gefunan yankin da ake nema, sannan a ɗan ɗaga shi enzayim ya gina sabuwar igiya daga bakin kowace firaima. Kowane zagaye yana ruɓanya abin da ya tarar, don haka a lissafin takarda zagaye 30 yana mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan ɗaya, ko da yake a zahiri ƙarfin aikin yana raguwa a zagayen ƙarshe. Kary Mullis ne ya fito da dabarar a 1983 yana aiki a kamfanin Cetus a Kalifoniya, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993, kuma abin sha'awa a wurinmu shi ne aikin farko da aka wallafa da ita a 1985 na gano cutar sikila ne. A wancan lokacin zafi yana kashe enzayim ɗin da suke amfani da shi, sai an buɗe bututu an ƙara sabo a kowane zagaye. Abin da ya kawo sauƙi shi ne enzayim mai gina DNA da ake kira folimares ɗin Taq, wanda aka samo daga bakteriyar Thermus aquaticus da Thomas Brock da Hudson Freeze suka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone suka bayyana ta a 1969. Halittar da ke rayuwa a ruwa mai tsananin zafi, enzayim ɗinta ba ya lalacewa da sauri a digiri 95.

Wannan Taq ɗin shi ne jigon abin da ke cikin kwalbar Promega, kamfanin da ke Madison a jihar Wiskonsin ta Amurka. Tare da shi akwai tubalan gina DNA guda huɗu da ake kira dNTP, kowanne mikromola 400, da gishirin magnesiyom milimola 3, da bafa, wato ruwan da ke daidaita tsami, mai pH 8.5, da rini biyu, shuɗi da rawaya, waɗanda haɗuwarsu ta ba ruwan launinsa. An yi shi da kauri ninki biyu, ma'ana rabin abin da ke cikin bututun gwaji shi ne ruwan, sauran rabin kuma firaimomi ne da DNA da tsarkakakken ruwa, ta yadda a ƙarshe dNTP zai koma mikromola 200, magnesiyom kuma milimola 1.5. Waɗannan su ne adadin da yawancin littattafan koyarwa suke ba da shawarar a fara da su. Kamfanin yana haɗo wa da kwalbar ruwa wanda aka tsarkake daga enzayim masu yanka DNA, kuma ina shawartar kowa da ya yi amfani da shi maimakon ruwan da ake tacewa a ɗakin gwaji.

Kafin mu koma gare shi, haɗa gwaji ɗaya yana nufin a ɗebo daga kwalabe takwas: ruwa, bafa, magnesiyom, dNTP, firaima ta gaba, firaima ta baya, enzayim, sai DNA. Wasu daga cikinsu ana ɗiban rabin mikrolita ne ko ƙasa da haka, enzayim ɗin kuma yana cikin gilisarol mai yauƙi wanda yake maƙalewa a jikin tsinken fifet, wato abin ɗiban ɗan ruwa, ta yadda mai sabon hannu zai iya zuba ninki biyu na abin da ya yi niyya bai sani ba. Idan jel ya fito fayau babu layi, sai a zauna ana zargin abubuwa takwas, kuma kowa yana kare nasa: mai dNTP ya ce sabo ne, mai bafa ya ce jiya ma ya yi aiki da ita. Na taɓa ɓata mako guda cur ina sauya firaimomi da zafin mannewa, ashe dNTP ɗin da muke rabawa ne ya lalace saboda yawan narkarwa da mayarwa firiza. Babbar fa'idar haɗaɗɗen ruwan a wurina ita ce ya rage yawan waɗanda ake zargi. Yanzu idan gwaji ya ƙi, in dai bututun shaida mai sanannen DNA ya ba da layinsa, na san ruwan kore da na'ura sun fita daga zargi, saura DNA ɗin samfurin, kuma a nan laifin yake kasancewa mafi yawan lokuta. Saurin aiki da ake yawan yabonsa da shi gaskiya ne, amma ni wannan ragin ruɗani ya fi mini muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ga yadda nake haɗa gwaji mai mikrolita 25 na 16S. Ina zuba mikrolita 12.5 na ruwan kore, da mikrolita 1 na kowace firaima daga kwalbar da aka sirka zuwa mikromola 10, wanda ke ba da mikromola 0.4 a cikin bututu, da mikrolita 8.5 na ruwa, sai mikrolita 2 na DNA a ƙarshe. Ba na haɗa kowane bututu shi kaɗai. Idan samfuri 20 ne tare da bututun shaida biyu, ɗaya mai sanannen DNA ɗaya kuma mai ruwa zalla, nakan yi lissafin 24 domin abin da ke salwanta a jikin tsinke, wato mikrolita 300 na ruwan kore, 24 na kowace firaima, da 204 na ruwa, in gauraya su a bututu ɗaya in raba mikrolita 23 ga kowanne. Takardar kamfanin ta ce kada DNA ya kai nanogiram 250 a gwaji mai wannan girman, kuma ya kamata ɗalibai su riƙe wannan da kyau, domin sukan ɗauka cewa yawan DNA shi ne yawan sakamako, alhali cika shi yana haifar da jirwaye mai tsawo a jel maimakon layi ɗaya tsaf.

A na'ura kuwa ina farawa da minti 2 a digiri 95, sannan zagaye 30 na daƙiƙa 30 a 95, daƙiƙa 30 a 55, da daƙiƙa 90 a 72, in rufe da minti 5 a 72. Daƙiƙa 90 ɗin ta fito ne daga ƙa'idar minti ɗaya ga kowane harafi dubu na jerin DNA, tunda firaimomin 16S da nake amfani da su, 27F da 1492R, suna ba da gutsure mai kusan harafi 1,500. Da wannan tsarin, DNA ɗin da aka ciro da kyau daga bakteriyar da aka shuka yana ba da layi mai haske wanda ya isa a tsarkake a aika karanta jerin haruffa, kuma daga kwalba zuwa kwalba ban ga sauyin da ya sa na taɓa lissafina ba. Zafin mannewa ne kawai abin da kowa zai nemo wa kansa, domin ya danganta da firaimomin da yake amfani da su, kuma babu haɗaɗɗen ruwan da zai yi wa mutum wannan aikin.

Rinin yana da amfani fiye da yadda na zata da farko. Na ɗauka ado ne kawai, sai na ga yana yin aiki tun kafin a kunna na'ura: a layin bututu takwas masu kama da juna, ido yana ganin wanda aka zuba wa da wanda aka tsallake, yana kuma ganin ko digon ya sauka ƙasa ko ya maƙale a gefe. Bayan an gama, ana ɗibar mikrolita biyar kai tsaye a zuba a ramin jel ba tare da an gauraya shi da wani rinin lodi ba, domin ruwan yana da nauyin da zai nutse a ramin da kansa. Wanda ya saba ɗiga rinin lodi a kan takardar farafilm yana gauraya samfuri arba'in ɗaya bayan ɗaya ya san yawan lokacin da hakan ke ci, ya kuma san sauƙin rikita jeri a wannan matakin. Da aka kunna wa jel wuta kuma sai koren ya rabu gida biyu: rawayan ya wuce gaba da sauri fiye da firaimomin da suka rage, shuɗin ya tsaya baya yana tafiya daidai da gutsure mai harafi 3,000 zuwa 5,000 a jel ɗin agaros mai kashi 1 cikin ɗari. Gutsuren 16S yana tsakanin su biyun, don haka ina kashe wuta idan rawayan ya kusa bakin jel, ban taɓa rasa layina ba. Ga gutsuren Plasmodium falciparum, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mai harafi ɗari biyu da 'yan kai, nakan yi jel mai kashi 2 cikin ɗari domin ya rabu sosai da tarkacen firaimomi.

Sai dai rinin nan yana da farashinsa, kuma kamfanin bai ɓoye ba. Yana shiga tsakani idan za a auna sakamakon da na'urar da ke karanta haske ko ƙyalli, saboda haka ba a ɗaukar abin da ya fito daga na'urar PCR a ɗora shi kai tsaye a kan ma'aunin yawan DNA a yarda da lambar da ta fito, sai an tsarkake shi tukuna. Wanda aikinsa ya dogara da irin wannan awon, akwai irin ruwan marar launi da kamfanin yake yi, shi ya fi dacewa da shi.

Wurin da na fi ganin mutane suna cutar kansu shi ne wajen narkarwa. Enzayim zalla da ke cikin gilisarol ba ya daskarewa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, amma haɗaɗɗen ruwan yana zama ƙanƙara sosai, kuma idan ya fara narkewa gishirin da sauran sinadaran ba sa rabuwa daidai a cikinsa. Mai gaggawa da ya ɗebi ruwan da ya narke alhali sauran yana daskare ya ɓata gwajinsa na yau, ya kuma ɓata wa wanda zai zo gobe, domin abin da ya bari a kwalbar ya tashi daga ninki biyu na gaskiya. Dole a bar shi ya narke gaba ɗaya, a girgiza shi, a ɗan juya shi a santirifuj ya taru a ƙasa. Mu da wutar lantarki take ɗaukewa ba sallama, janareta kuma ba kullum ake tayar da shi a kan lokaci ba, muna da ƙarin matsala, domin firiza tana narkewa ta sake daskarewa da dare ba wanda ya gani. Abin da muke yi shi ne ranar da kwalba ta iso a raba ta a ƙananan bututu, kowanne daidai aikin kwana biyu ko uku, a jera su cikin akwati tsakanin robobin ƙanƙara a can ƙasan firiza. Da wannan kulawar ruwan ya jure yanayinmu fiye da yadda na yi tsammani.

Rabawar tana kuma kare mutum daga gurɓata, wadda ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Firaimomin 16S ba sa zaɓe, kowace bakteriya suka samu DNA ɗinta za su kama, kuma gwajin zazzaɓin cizon sauro da muke yi mai hawa biyu ne, ana buɗe bututun hawan farko a ɗebi abin da ke ciki a zuba a na biyu, wato a buɗe biliyoyin kwafi a sararin ɗaki. Akwai lokacin da bututun shaidarmu mai ruwa zalla ya riƙa ba da layi kwana uku a jere, har wani ya fara cewa ruwan koren ne ya zo da datti. Da muka buɗe sabon rabo muka sauya fifet, sai layin ya ɓace. Ashe wani ne ya ɗauki fifet ɗin haɗawa ya yi lodin jel da shi ya mayar. Tun daga ranar muka ware fifet da tebur na haɗawa daban, muka koma tsinke mai matata a ciki, muka kuma hana duk abin da ya fito daga na'ura komawa wannan teburin. Da kwalbar gaba ɗaya muke tsoma wa fifet, da mun yi asarar ta duka.

A samfurin jini ne na fara ganin iyakar ruwan. Jini yana ɗauke da abubuwan da ke daƙile Taq, musamman sinadarin him na jajayen ƙwayoyin jini, haka ma hefarin idan da shi aka hana jinin daskarewa, sannan EDTA, wani sinadarin hana jini daskarewa, yana kama magnesiyom ya hana enzayim samunsa. DNA ɗin da muke cirowa daga busasshen jini ta hanyar tafasawa da sinadarin Chelex yana da arha amma ba shi da tsabta sosai, kuma idan ruwan ya fito da ɗan ja-ja, gwajin yakan yi shiru. Maganin da ya fi yi mana aiki shi ne a sirka DNA ɗin ninki biyar ko goma, abin da ɗalibai suke jin nauyin yi domin a ganinsu ragewa ake yi, alhali abin da ke daƙilewar ne ake ragewa. A nan kuma ake jin rashin 'yancin da haɗaɗɗen ruwa yake jawowa. Magnesiyom ɗinsa a ƙulle yake a milimola 1.5, ana iya ƙarawa daga wata kwalba, amma ba a iya ragewa. Wanda yake ƙoƙarin daidaita sabbin firaimomi masu taurin kai, ko yake ninka yanki mai yawan haruffan G da C, zai fi samun sarari idan ya sayi enzayim da bafa da magnesiyom daban-daban ya yi ta gwadawa har ya dace.

Haka kuma enzayim ɗin da ke cikin wannan kwalbar ba irin wanda aka ɗaure ba ne sai ya ji zafi ya farka. Yana ɗan aiki tun a zafin ɗaki, kuma zafin ɗakinmu a watan Afrilu ba irin na ƙasar da aka yi shi ba ne. Idan aka bar bututu a kan tebur ana hira, firaimomi sukan manne da juna ko da wurin da ba nasu ba, enzayim ya gina a kai, a ƙarshe a ga wani haske a ƙasan jel ƙasa da harafi ɗari, layin da ake nema kuma ya dusashe. Shi ya sa takardar ta ce a haɗa a kan ƙanƙara, ni kuma nakan ƙara da kunna na'ura tun da wuri in jefa bututun bayan ta ɗauki zafi. Promega tana da wani nau'in mai suna GoTaq Hot Start wanda ya kawar da wannan damuwar, kuma ga wanda yake haɗa samfuri da yawa a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, ƙarin kuɗin ya cancanta.

Abu na ƙarshe game da enzayim ɗin halin Taq ne ko na wane kamfani: ba ya komawa baya ya gyara harafin da ya saka bisa kuskure. Ga mai neman sanin ko ƙwayar cuta tana nan ko ba ta nan, ko mai karanta jerin haruffa kai tsaye daga sakamakon PCR, wannan ba abin damuwa ba ne, domin kuskuren yana watse a cikin ɗimbin kwafi. Amma wanda zai dasa gutsuren a cikin filasmid, wato ƙaramin zoben DNA da ake saka wa bakteriya, ya samar da furotin daga gare shi, kwafi ɗaya yake ɗauka, kuma idan kuskure ya faɗa a wannan kwafin ya tafi da shi ke nan. Irin wannan aikin na enzayim masu gyara ne kamar Pfu ko Phusion ko Q5. A ɗaya gefen, Taq yana barin harafin A guda a ƙarshen kowace igiya, abin da ya sa sakamakonsa yake shiga filasmid mai wutsiyar T kamar pGEM-T cikin sauƙi.

Batun kuɗi yana da wuyar yankewa, tunda da dala ake shigo da kayan, farashin kuma yana bin canjin naira. Idan aka lissafa gwaji-gwaji, sayen sinadaran daban-daban yakan fi arha a takarda, amma takardar ba ta lissafa gwajin da aka maimaita sau uku ba, da agaros da tsinke da man janareta da suka tafi a banza. Ƙaramin kunshin an ƙiyasta shi a kan gwaji 100 masu mikrolita 50, saboda haka mai yin mikrolita 25 zai samu 200, mu kuma a aikin tantancewa inda jel kaɗai muke buƙata mukan sauka zuwa mikrolita 12.5 ba tare da layin ya ɓace ba, muddin murfin na'urar yana da zafi kuma bututun sun rufu da kyau. Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne hanyar da kwalbar ta biyo. Wani dillali ya taɓa kawo mana kaya a akwati wanda robobin ƙanƙararsa sun zama ruwan ɗumi, yana rantsuwa cewa da safe aka ɗauko, muka ƙi karɓa. Yanzu ba ma biyan cikon kuɗi sai mun taɓa akwatin, mun duba ranar ƙarewar wa'adi, mun kuma gwada kwalbar da sanannen DNA a ranar da ta iso.

Ga ɗakin gwajin jami'a ko cibiyar bincike inda hannuwa da yawa suke taɓa kaya ɗaya, kuma yawancin aikin na tantancewa ne da gutsure ƙasa da harafi dubu biyu ko uku, ina ba da shawarar wannan ruwan ba tare da ɗar-ɗar ba, musamman wajen koyar da masu farawa. Ba shi kaɗai ba ne a kasuwa: akwai DreamTaq Green na Thermo Scientific da OneTaq Quick-Load na New England Biolabs, waɗanda su ma ake zuba su a jel kai tsaye, kuma idan dillalin da kake yarda da sanyin akwatinsa ɗaya daga cikinsu yake kawowa, wannan dalili ne mai ƙarfi na zaɓarsa. Sai dai wanda ya sauya ya karanta takardar sabon kafin ya danna tsohon tsarinsa a na'ura, domin OneTaq, alal misali, a digiri 68 ake so ya yi gininsa, ba 72 ba.